Kamun Farko na Gaɓar Sulmiya

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya zuba ruwa a kwarinta, ya yanka wa kowane kifi ranar fitarsa. Ya ƙawata Tabawa, ajiye tsintar shinkafar nan, ki matso, ki ara mini kunnenki. Jiya na ji kina cewa za ki ba fataken kifin gishiri sunana, su tambayo miki dangina a ƙasashen da suke ratsawa. Na san alheri kike nufi. Amma kafin kasuwa ta sake ci, ji yadda aka yi na zo garin nan, sa'an nan ki ga ko za ki buɗe baki.

Ni Dela, 'yar masunta ce, matar masunci, uwar masunci. A bakin Gulbin Marke aka haife ni, can na yi aure, can na binne maigidana a shekarar da gulbin ya ƙafe ya bar mana yashi. Ɗa guda Allah ya raya mini, shi ne kuma na fari. Kin san halinmu da ɗan fari: ba a kiran sunansa, ba a kallonsa ido cikin ido, ba a nuna ana sonsa. Magaji nake ce masa. Har ya yi gemu sunansa na yanka bai taɓa fita daga bakina ba.

Wani matafiyi ne ya kwana a tungarmu ya ba da labarin Ƙasar Bayan Iska, inda ruwa ke zama dutse rabin shekara, kifi kuwa ƙarƙashinsa kamar maraƙi. Magaji ya naɗe mamarin ubansa, doguwar igiyar nan mai ƙugiyoyi, ya ce zai je neman arziki. Na ce, "To, wa zai yi maka banda?" Na ɗaura tukunya da faifai biyu na bi bayansa.

Mun ratsa hamadar jan gishiri, inda inuwar mutum ke yin gaba ta jira shi a bakin rijiya. Mun ratsa dajin da itatuwansa allurai suke fitarwa a madadin ganye. Muna ƙara tafiya yini yana ƙara tsukewa, har ya zama ina sallame Azahar sai in miƙe wa La'asar, kafin in naɗe sallaya Magariba ta tsaya a kaina. Daga ƙarshe muka iso Tabkin Madubi. Wallahi Tabawa, matafiyin bai yi ƙarya ba. Ruwa ne fari fat, mutane suna tafiya a kansa da dabbobinsu. Su fasa rami, su zura igiya, su jawo kifin da sai mutum biyu sun kama. Mutanen wurin suka ba mu ɗaki da fatun tumaki, muka koyi harshensu a bakin murhu. Magaji yana kamu, ina banda, har muka fara zancen ranar komawa gida.

Sai lokacin da suke kira Farkawa ya gabato, wato sa'ad da sanyi ke sassautawa, ruwa ya fara motsi ƙarƙashin ƙanƙara. Farin tabkin ya koma ruwan toka. Ana jin yana nishi kamar saniya mai naƙuda. Masuntan garin suka kwashe kayansu suka zauna gida. Mamarin Magaji kuwa yana can shimfiɗe ƙarƙashin ƙanƙara, iska ta hana shi zuwa ɗaukowa.

Wata safiya gari ya waye garau, rana ta fito irin ta garinmu, ba iska ko kaɗan. A wurinmu irin wannan ranar ita ce ranar aiki, ranar hadari ake gudu. A wurinsu kuwa ranar da ta fi kyau ita ce ta fi kisa, mu ba mu sani ba, su kuma bai zo musu a rai cewa akwai babban mutum a duniya da bai san haka ba. Ya sa kai ya tafi ɗauko mamarin. Ina tsugune ina gyara wuta na ji ƙara kamar an tsage sama. Na fito na ga tabkin ya rabe, baƙin ruwa ya buɗe tsakaninsa da gaɓa, shi kuma yana tsaye a kan wani falalen ƙanƙara mai faɗin gona, yana tafiya da shi a hankali wajen bakin kogin da ke fita daga tabkin.

Na ce wa maƙwabciyata, "Ina kogin nan yake zuwa?"

Ta ce, "Teku."

"Wanda ya tafi haka yana dawowa?"

Ta shiga ɗaki ta ɗauko mini busasshen nama da takalmin fata.

Na ɗauki faifaina biyu na bi gefen kogin da ƙafa. Wani yinin in hango shi can nesa kamar ƙuda a kan nono, wani yinin ban ganin komai sai tarkacen ƙanƙara. Na iso Mashigin Haƙora, inda duwatsu suka matse kogin, wasu mutane kuma suke zaune a rataye jikin dutse cikin kwanduna, suna ƙwato itace da mushen dabbobi daga ruwa da dogayen ƙugiyoyi. Suka ce sun gan shi. Sun miƙa masa gora mafi tsawo, ta gaza. Sun jefa masa fata da nama, ya cafe. Wata mata ta ce, "Da ya wuce muna ganinsa yana sa goshi a ƙasa yana ɗagowa. Ciwo ne?" Na ce mata ba ciwo ba ne. Falalen kuwa, in ji su, duwatsu sun gutsure shi, ya dawo kamar tsakar gida.

Suka hana ni wucewa, domin gabansu fadama ce da ta narke ta zama laka mai haɗiye doki da mahayinsa. Suka sa mini mai tsaro don tausayi. Da sassafe, lokacin da fuskar lakar ke da ɗan ɓawon sanyi, na ce masa zan keɓe in yi alwala, al'adarmu kuma namiji ba ya kallo. Ya juya baya. Na ɗaura faifai ɗaya a kowace ƙafa don nauyina ya bazu, na hau lakar ina ja kamar agwagwa. Ɓawon yana tsagewa a bayana, ni kuwa ina karanta abin da na iya. Kafin rana ta yi ƙarfi na taka busasshiyar ƙasa.

Haka na iso Gaɓar Sulmiya, inda kogin ke zuba a wani lungun teku mai kama da bakin ƙwarya. Garin masunta ne, jiragensu jere a yashi. Can tsakiyar lungun, inda ruwan kogi da na teku ke juya juna, ga falalen yana kewaye wuri guda. Ya koma kamar ɗaki. Magaji yana zaune a kai, lulluɓe da fata. Ana ganinsa sarai, in an ɗaga murya yana ji. Na durƙusa na yi wa Allah godiya, na ce wahala ta ƙare.

Mai mulkin kamun kifi a garin wata tsohuwa ce da ake kira Uwar Taru, doguwa, mai ido ɗaya. Na faɗi gabanta na ce, "Ranki ya daɗe, ɗana ne. A ba ni jirgi da mutum biyu."

Ta ce, "Mun san ɗan wata ne. Kullum muna tura masa abinci a kan katako. Amma ba za mu ɗauko shi ba."

"Me ya yi muku?"

"Bai yi komai ba. Don haka ne ma ba za mu ɗauko shi ba. Zauna, baƙuwa, ki ji."

Ta ce tun kakanninsu, rai na farko da suka fitar daga teku a lokacin Farkawa ba nasu ba ne, na teku ne. In kifi ne, sai a kai shi bakin lungu a sake shi. In wani abu ne daban, shi ma haka. An taɓa yi da karen ruwa, an taɓa yi da wani mutum da jirginsa ya kife: aka sa shi a tsohon kwale-kwale ba filafili, ruwa ya janye da shi. Bana kuwa har yanzu ba a kama ko ɗan tsako na kifi ba. In suka ɗauko Magaji, shi ne kamun farko.

Na ce, "To a tura masa jirgi ba kowa, ya shiga da kansa."

"Abin da ya shiga jirginmu kamu ne."

"Ni in tuƙa."

"Hannun da ya ci abincinmu hannunmu ne. Yin iyo kuma kada ki kawo shi, ruwan nan yana tsayar da zuciyar ƙato kafin ya yi rabin hanya."

Na ce mata teku ba ya ci, ba ya sha, ba ya karɓar kyauta, halitta ne kamar ni da ita. Ta saurare ni har na gama, ba ta yi fushi ba. Ta ce, "Wataƙila gaskiyarki. Amma yaran garin nan tun tsakiyar sanyi suke cin ɓawon itace. Ki je ki gaya wa iyayensu mata su gwada maganarki a bana." Na dubi matan da ke tsaye, na ga yadda wuyan 'ya'yansu ya rame.

Abin da ya rage shi ne a kama kifi, ko da guda, ko da kamar yatsa. Kada ki ce mugaye ne, Tabawa. Garin duka ya fita kamun kifi saboda ɗana. Kullum maza su kewaya da taru cikin jirage, mu kuma mata da tsofaffi mu ja igiya daga gaɓa har tafin hannu ya fashe. Tarun ya fito da ciyawar ruwa da guntun ƙanƙara. A zura ƙugiya da safe, a ɗago ta da yamma, abincin da aka maƙala wa kifi yana nan yadda aka sa shi.

Akwai wani tsoho mai gyaran taru, Barankai, mai yawan tsokana. Shi ne ya fahimtar da ni. Ya ce ruwan narkewa da kogi ke zubowa ya fi na teku sanyi, ga shi gurɓatacce kamar kunu, ya cika lungun. Kifi yana can zurfi a waje, a kwance, ba ya ci. Sai rana ta yi kwanaki tana dukan gefen gaɓa ruwan ya yi ɗumi, tsutsotsi su fito daga laka, tsuntsaye masu jan ƙafa su sauka, ƙananan kifi su shigo, manya su biyo su.

Ya ce, "Ke da kika fito daga ƙasar rana, ba ki ƙunso mana kaɗan a bakin zani ba?"

Na ce, "Baba, ranar da za ta kawo kifin, ba ita ce za ta cinye falalen ba?"

Ya sunkuyar da kai ya ci gaba da ɗinkinsa.

Nan ne na rasa abin da zan roƙa. In gari ya yi sanyi, falalen ya tsaya, kifi ya ƙi zuwa, ƙafafun Magaji kuma suna mutuwa a ƙarƙashinsa. In rana ta fito, mutane su yi murna, ni in tsaya ina kallon gefen falalen yana ɗiga. Na ɗaga hannu bayan salla in ce Allah ka kawo rana, sai harshena ya ƙi. In ce ka kawo sanyi, sai in tuna wuyan yaran nan. Daga baya na daina zaɓa masa. Sai in ɗaga hannun kawai in ce, "Kana gani."

Kullum da hantsi nakan tsaya kan wani dogon dutse da ya kutsa cikin ruwa, in ce, "Magaji, ka ci abinci?" Ya ce, "Na ci, Inna." Shi ke nan hirarmu. Falalen ya dawo kamar tabarma biyu. Ya daina tsayuwa, a zaune yake salla. Wata rana ya ce, "Inna, ki koma gida." Na ce, "Wane gidan?"

Sai aka tashi da rana mai kyau, irin waccan ta Tabkin Madubi. Barankai ya sa hannu a ruwan gefe ya ce ya fara sakin jiki, in aka samu irinta 'yan kwanaki tsuntsaye za su sauka. Na dubi falalen. Ruwa ya fara hawa kansa, fatar da Magaji ke zaune a kai ta jiƙe. Ba zai kai gobe da yamma ba, kowa ya gani, ba wanda ya faɗa.

Na je wurin Uwar Taru tana duba igiya. Na ce, "Ranki ya daɗe, in tarunku ya fito da rai, kuna tambayarsa yadda ya shiga?"

Ta dube ni da idonta guda. Ta ce, "Ba mu taɓa tambayar kifi ba." Can ta ƙara da cewa, ba tare da ta dube ni ba, "Masu shafa kitsen karen ruwa sun fi daɗewa a ruwan sanyi. Akwai shi a tukunyar bayan ɗakina."

Ni ban zauna gaban malami ba, Tabawa, ɗan abin da na sani tsintarsa na yi da kaina. Na san wanda ya kashe kansa ba shi da rabo. Na zauna na tambayi zuciyata: mutuwa kike nema? Ta ce a'a, taru nake nema. Na yi alwala, na yi raka'a biyu, na shafe jikina da kitsen.

Da jiragen suka kewayo da taru suka wuce dogon dutsen, mutane duka sun juya baya suna ja, sai na sulale ta gefen dutsen na shiga. Ban san yadda zan kwatanta miki ruwan nan ba. Ba sanyi na ji ba, ji na yi kamar an ɗaure ƙirjina da ƙarfe mai zafi. Na yi iyo irin na 'yan Gulbin Marke har na ji zaren taru a fuskata, na cusa hannuwana ciki na murɗa don kada in saki in na suma. Na ji ana ihu a gaɓa cewa taru ya yi nauyi, yara suna tsalle.

Na farfaɗo a kan yashi cikin ciyawar ruwa, mutane sun kewaye ni. Wani ya ce wannan zamba ce, ba kamu ba ne. Uwar Taru ta ce, "Tana cikin taru?" Aka ce tana ciki. "Tana numfashi?" Aka ce tana yi. Ta ce, "To teku ya samu nasa. Ku tura jirgi ku ɗauko na biyu."

Ba a jinkirta mayar da kamun farko, da janyewar ruwa ake yi, ruwan kuwa ya riga ya fara janyewa. Mata suka goge ni suka naɗe ni da fatu, aka sa ni a tsohon kwale-kwale da tulun ruwa da ɗan abin da suka iya rabuwa da shi na abinci. Barankai ya zo da wata ƙatuwar muciya mai faɗin baki ya ajiye a ƙafata. Wani saurayi ya ce ai ba a ba da filafili. Barankai ya ce, "Kai, wannan filafili ne? Mace za ta yi tafiya ba abin tuƙa tuwo?"

Uwar Taru ta sunkuyo kamar tana gyara mini fata, ta ce a kunnena, "Saura abu guda. In labari ya zo cewa wanda aka mayar ya taka ƙasa da rai, teku bai karɓa ba ke nan, sai a ba shi na biyu. Don haka na biyu ba ya barin gaɓar nan har ya mutu. Zan aurar da shi, zan ba shi jirgi. Ke kuwa, in kin rayu, ki mutu a bakin mutane."

Aka tura ni. A tsakiyar lungun muka yi kiciɓis da jirgin da ya ɗauko shi, su suna shiga, ni ina fita. Yana kwance, leɓunansa sun yi baƙi, mamarin ubansa naɗe a hannunsa har yanzu. Ya ɗago ya gan ni. Ya ce, "Inna, ina za ki?"

Na ce, "Nan gaba kaɗan. Ka rufe ƙafafunka."

Ruwa ya raba mu. Da na ga ya fara nisa, sai na kira shi da sunansa na yanka, da ƙarfi, sau ɗaya. Ya yunƙura zai tashi, suka danne shi. Ban san ko ya amsa ba, iska ta riga ta shiga tsakani.

Sauran ba shi da daɗin ji. Na yi ta yawo a teku har abinci ya ƙare, muciyar Barankai ta hana igiyar ruwa kifar da ni, wasu masu jirgin fatauci suka tsince ni ban san inda kaina yake ba. Na ce musu na manta garinmu. Daga jirgi zuwa ayari, daga ayari zuwa garin nan, inda kika gan ni a ƙofar masallaci kika ba ni ɗaki.

Kin sha tambayata me ya sa nake juya kwandon fataken nan kifi ɗaya-ɗaya, ban saya ba. Mutanen Sulmiya ta ciki suke tsaga kifi. Mu 'yan Gulbin Marke ta baya muke tsagawa, mu bar kai a haɗe. Duk shekara, in kayan bayan Farkawa suka iso, nakan samu 'yan kaɗan da aka tsaga ta baya a cikin kwandon. In na gani sai in san Magaji yana raye, in dawo gida in yi raka'a biyu. Bana na ga wasu ƙanana, an tsaga su ta baya a karkace, irin yankan hannun da ke koyo. Ban san ko jikan nawa mace ce ko namiji ba, kuma ba ni da wanda zan tambaya.

Fataken nan daga can suke saro kifinsu, can kuma suke komawa. In sunan Dela ya shiga kunnensu, zai sauka a yashin Sulmiya kafin ƙanƙara ta sake narkewa, tsohon kwale-kwale kuwa ba ya ƙarewa a garin. Shi ya sa ban gaya miki sunansa ba, ke ma. Na roƙe ki don Allah, Tabawa, kada ki faɗa wa kowa, ko maigidanki, ko liman, ko mai wankan gawata. In sun tambaye ki, ki ce wata tsohuwa ce mai taya ki tsintar shinkafa. Miƙo mini faifan.